Gidan Kakanmu Yana Zubewa, Ko Zai Iya Zama Masaukin Baƙi?

Filin Tambayi Magini

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ina fatan kana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, amma asalinmu mutanen wani ƙauye ne kusa da Dindima, a kan hanyar Bauchi zuwa Gombe. Kakanmu ya bar babban gidan ƙasa mai zaure 2 da soraye 11, da rumbuna da rijiya da turken dawaki. A bayansa akwai gona eka 14 da ta gangara har fadama, da mangwaro da ɗorawa da giginya a ciki. Tun da mahaifinmu ya rasu shekara 9 da suka wuce, ba mai kwana a gidan sai wani dattijo da ya tashi a hannun kakanmu, shi da matarsa. Soraye 4 sun rufta, jemagu sun mallaki zauren ciki. Bara da na je ta'aziyya na tsaya a tsakar gidan na yi ta kuka.

Ni da ƙanena da ke aiki a Abuja mun ɗan tara wani abu. Muna so mu gyara gidan ya zama masauki ga masu zuwa gandun dajin Yankari da masu neman wurin hutawa. Wani ɗan kwangila ya ce a rushe komai a ɗora bulo da kwano, wani kuma ya ce a shafe bangon da siminti a yi fenti. Ta ina za mu fara, kuma abin zai biya kuwa? Baffanninmu 2 da gwaggonmu suna raye, ba a kuma taɓa raba gadon ba.

Daga 'yarka a Kaduna.

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan mahaifinku da kakanku, Ya kai haske kabarinsu. Na karanta wasiƙarki sau uku, domin ni ma ina da irin wannan gida a ƙasar Rano, kuma na san wannan tsayuwar da kika yi a tsakar gida. Zan ba ki amsa kamar yadda zan bai wa 'yar cikina.

Maganar da kika ajiye a ƙarshen wasiƙa ita ce ta farko a wurina: ba a raba gado ba. Kada ku sayi ko da tirela ɗaya ta yashi kafin ku gama da wannan. Gidan na kakanku ne, saboda haka magadansa su ne 'ya'yansa da matan da ya rasu ya bari. Kason mahaifinku kuma ya gangaro gare ku, ke da duk 'yan uwanki da iyayenku mata. Wannan gado a kan gado shi ne malamai ke kira munasaha, kuma idan aka zauna aka ƙirga, kada ki yi mamaki ki ga masu haƙƙi sun haura 30. Yau da gidan yake kufai ba wanda ke waiwayarsa. Ranar da aka ga fitila ta kama, mota ta tsaya a ƙofar zaure, kowa zai tuna yana da rabo. Ba mugunta ba ce, haƙƙinsu ne, kuma gara ku kai musu shi da hannunku tun ba su tambaya ba.

Ku nemi malami masanin gado, ko ku je gaban alƙali, a fitar da kason kowa a rubuce. Fitar da kaso ba ya nufin a ja igiya a yayyanka gidan. Ana iya sanin rabon kowa a takarda, gida kuma ya zauna a dunƙule. Daga nan za ku iya sayen kason waɗanda ke son kuɗinsu, ko ku kafa kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kowane magaji ya shiga da kasonsa a matsayin hannun jari. Ni dai abin da na fi so shi ne ku biyu ku karɓi hayar gidan daga hannun magada na tsawon shekara 15 ko 20. Mallaka tana nan ta kowa, gudanarwa tana hannun mutum biyu, ba sai an tara dangi duka ba kafin a sayi bokiti. A rubuta nawa ne kuɗin haya, yaushe za a fara biya, da abin da zai faru da kuɗin da kuka zuba idan wa'adi ya cika. Ki kuma san da haƙƙin shufu'a a mazhabarmu ta Malikiyya: idan wani magaji ya sayar wa bare kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da ikon karɓe kason a kan farashin da aka sayar. Wannan kariya ce gare ku. Idan akwai marayu ƙanana a cikin magadan, kasonsu ba na ciniki a zaure ba ne, sai da waliyyinsu da sanin alƙali.

Gwaggonku kuwa, kada ku kira ta a waya. Ki shirya ki je, ki zauna a tabarmarta, ki faɗa mata abin da kuke nufi, ki ji ta bakinta. Na ga gidaje da yawa a karkararmu inda maza suka cinye rabon mata a gona da sunan ai tana gidan miji, kuma ban ga aikin da aka ɗora a kan wannan ya yi albarka ba. Ranar sa hannu a gayyaci dagaci da mai unguwa da liman su zama shaidu.

Sai takardar ƙasa. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarsa ta gargajiya, gwamna kuma shi ke ba da babbar takardar da banki ke girmamawa. Ku ɗauko safiyo ya auna gida da gona, maƙwabta suna tsaye. Gonar da ta yi shekara 9 ba mai ita a kusa, da wuya a ce kunyar maƙwabci ba ta ɗan matso ba.

Kafin in shiga maganar gini, ga wani abu da nake roƙonki. Dattijon nan da matarsa kada a tashe su. Idan soraye 7 suna tsaye har yau, su ne dalili. Shi ne ke share indararo kafin ruwan farko, hayaƙin murhun matarsa ne ke korar ƙwari daga azara. Shi ya san bangon da ya fara tsagewa da shekarar da ya fara. Ku yanka masa albashi, ku gyara ɗakinsa kafin na kowane baƙo.

To, gini. Ɗan kwangilar da ya ce a rushe, ki gode masa ki sallame shi. Ɗakin bulo da kwano akwai shi a kowace unguwa a Kaduna da Abuja, ba wanda zai yi tafiyar awa 6 don ya kwana a irinsa. Abin da kuke da shi wanda babu a birni shi ne soron da za ka shiga da azahar a watan Afrilu ka ji sanyi ba tare da na'ura ba. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya raba. Wannan shi ne jarinku.

Na biyun, mai cewa a shafe da siminti, shi ya fi ba ni tsoro, don shawararsa tana kama da gaskiya. Ni na bi ta. Lokacin da na karɓi gyaran zauren kakanmu, na gaji da yaɓen shekara-shekara, na sa aka yi masa filastar siminti daga sama har ƙasa. Damina biyu ina murna. A ta uku na ƙwanƙwasa bangon na ji yana amsawa kamar ganga. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, yana kumbura yana tsukewa, siminti kuwa ba ya motsi tare da shi. Sai ya yi 'yar tsaga kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana narkar da tubali a ɓoye. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa kunu. Wata safiyar Agusta filastar ta ɓalle fale-fale, ta taho da rabin kaurin bangon gabas, da zanen dagin da aka yi tun kafin a haifi mahaifina. Bangon na mayar, zanen kuwa ya tafi ke nan, domin mai hannun ya daɗe a ƙasa. Har yau idan na shiga zauren nan idona wurin yake fara zuwa.

Abin da za ku yi shi ne ku je gidan a tsakiyar damina, ana tsuga ruwa, ku zaga da lema da waya kuna ɗaukar bidiyo. Ku ga inda ruwa ke kwanciya a kan rufi, da indararon da ya toshe ko ya gajarta har yana zubar da ruwa a jikin bango, da inda kwata ke taruwa a gindin gini. Gidan ƙasa ta kai da ta ƙafa yake mutuwa. Aikin kansa kuma sai rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu, don ƙasa ta samu ta bushe.

Ku nemi maginin gargajiya, dattijo. Ku tambaya a fadar hakimi ko a cikin garin Bauchi a haɗa ku da sarkin magina. Sun ragu, amma ba su ƙare ba, kuma yaran da ke bin su suna bukatar aiki irin wannan don sana'ar ta rayu. Shi zai hau ya duba azara ɗaya bayan ɗaya. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, amma idan ruwa ya daɗe yana kwana a kanta takan ruɓe daga bakin da ke cikin bango. Ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce ƙafa 6 ita kaɗai, shi ya sa magabata suka ƙirƙiro dabarun tallafe rufi irin su tauyi da bakan gizo da daurin guga don su rufe manyan ɗakuna. Wanda ya taɓa ganin cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya san inda wannan fasaha ta kai. Idan zaurenku yana da baka, kada kowa ya taɓa shi sai wanda ya taɓa ɗaura irinsa. Giginyar gonarku kuma kada ku yi saurin sare ta don azara. Bishiya ce da ke shekaru masu yawa kafin ta ƙosa, ku sayo daga masu sana'ar, ku kuma dasa wasu.

Soraye 4 da suka rufta kada ku tayar da su yanzu. Ƙasarsu ita ce mafi kyawun abin da za ku gyara sauran da shi, domin ta riga ta saba da gidan. A jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ana juyawa kafin a ɗora. A kan rufi da bangon gabas, wanda ruwan damina ya fi duka, a yi makuba. Kin ce kuna da ɗorawa a gona, to kwasfar 'ya'yanta ita ce makuba, ba sai kun saya ba. Laso ya fi ta daɗewa, wato yaɓen da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, sai dai samun katsi ya yi wuya tun da marinai suka ragu. Ƙasan ɗaki a yi daɓe, ko a shimfiɗa jan bulo a kan yashi. A gindin bango ta waje a tayar da dakali mai gangara, ruwa ya riƙa gudu ya bar ginin, a kuma sa indararo mai tsawo. Jemagu ba sa bukatar guba. A jira su fita da magariba, a toshe kafofin da ragar waya, a kwashe kashinsu da takunkumi a hanci, a kai gona.

Inda siminti da bulo suke da gurbi shi ne banɗaki. Baƙo zai yafe miki rashin talabijin, ba zai yafe banɗaki mai wari ba. Amma kada a huda bangon ƙasa a binne bututun ruwa a ciki, domin ranar da ya fara ɗiga ba mai gani sai bango ya zauna. A filin sorayen da suka rufta ku gina banɗakuna na zamani da tayil, a tsaye da ƙafarsu, ɗan taƙi tsakaninsu da tsohon bango, kowanne da 'yar katangar da ta haɗa shi da ɗakinsa. Sokawe ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, ta ɓangaren gangare. Wuta kuma sola ta isa: fitilu, fanka, firji ɗaya, da famfon tura ruwa tanki. A ja waya a cikin roba a saman bango, ba a cikinsa ba.

Yanzu tambayarki ta biyu, ko zai biya. Ba zan yi miki daɗin baki ba. Idan masu zuwa Yankari kaɗai kuka dogara da su, ba zai biya ba. Daga Dindima sai an yi wajen kilomita 30 kafin ƙofar gandun a Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai fiye da kilomita 40 zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke a bakin ruwan ɗumin nan da kowa ke zuwa dominsa. Mai son ganin giwaye da sassafe a can zai so ya kwana. Kuma kallon namun daji na rani ne, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a Kogin Gaji. Ku za ku samu wanda dare ya yi masa a hanya, da wanda ke son ya ƙara kwana ɗaya ko biyu a ƙauye bayan ya fito. Sai maganar tsaro, wadda ba a ɓoye ta: sassan ƙaramar hukumar Alkaleri sun ga hare-haren 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, kuma labari ɗaya mara daɗi yakan kori baƙi na wata shida ko da abin ya faru nesa da ku. Ku zauna da dagaci da 'yan sintirin gari da jami'in 'yan sanda na yankin tun kafin ku kafa allo, ku ji gaskiyar halin da ake ciki. Idan suka ce a dakata, ku gyara gidan ku dakata da baƙin.

Baƙinku na gaskiya suna kusa da ke. Su ne irinki: 'yan asalin yankin da ke Abuja da Kano da Legas, masu zuwa biki ko ta'aziyya ko Sallah da mata da yara, waɗanda ke juyawa a ranar saboda babu inda za su kwana da iyali cikin sutura. Akwai makarantu masu kai ɗalibai yawon buɗe ido, da ma'aikatan ƙungiyoyi masu aiki a karkara, da iyalan da ke son 'ya'yansu su ga yadda ake tatsar nono da yadda ake sussukar dawa. Waɗannan za su dawo idan suka sami shimfiɗa mai tsabta da gidan sauro da ruwan wanka, da masar Bauchi da miyar taushe da safe, da fura da nono da rana.

Ku fara da ɗaki 4, kada ku wuce haka. Ɗaki 4 a kwana 365 ya ba da kwanan ɗaki 1,460. Ku ɗauka ɗaya cikin biyar kawai za ku cika a shekarun farko, wato wajen 290. Ku ninka da kuɗin da ɗan uwanki ma'aikaci zai iya biya ba tare da ya yi tsaki ba. Idan abin da ya fito ya ɗauki albashin mutum uku da wanki da gyaran sola da yaɓen shekara da hayar magada, to ku ci gaba. Idan bai ɗauka ba, ku rage buri. Bashin banki kuwa kada ku kusance shi a kan gidan gado.

Kada ku raina gonar. A Italiya, inda aka daɗe ana mayar da tsofaffin gidajen gona masauki, dokar da suka yi a 1985 ta shar'anta cewa noma ne zai ci gaba da zama babban aikin gidan, saukar baƙi ta biyo baya. Hikima ce. Eka 14 da fadama za su ba ku masara da dawa da damina, albasa da tumatir da rani, ga mangwaro ga kalwa. A shekarar da baƙi suka ɗauke ƙafa, gona ce za ta riƙe gidan, a shekarar da suka zo kuma ita za ta ciyar da su.

Sai mutuncin gida. Kin san abin da mutanenmu ke fara kawowa a rai idan aka ce gidan baƙi. Wannan gidan kakanku ne, da sunansa ake kiransa. Ku bayyana tun farko cewa masaukin iyali ne: littafin rajista da katin shaida, ba giya, ba kiɗa bayan isha'i, mace da namiji sai ma'aurata ko muharramai. Ku faɗa wa liman da maƙwabta da bakinku, ku ɗauki ma'aikata daga cikin garin. Rajista kuma a jiha ake yi, domin tun 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba da lasisin otal da masauki hurumin jihohi ne, sai ku tuntuɓi hukumar yawon buɗe ido ta Bauchi.

Ku ware sashe guda na dangi wanda ba a ba da shi haya ko da an cika. Ku kuma rubuta a yarjejeniya wa ke da gida a ranakun Sallah, domin lokacin da baƙi suka fi yawa shi ne lokacin da baffanninku za su so su zo da jikoki. Idan ba a yi maganar yau ba, za a yi ta a ƙofar zaure ranar jajibiri, baƙo yana tsaye da jaka.

A ganina ribar wannan aiki ba ita ce kuɗin da za ku raba ba, don ba zai yi yawa ba. Gidan ƙasa yana rayuwa ne idan akwai mai kwana a ciki da mai yaɓe shi duk shekara. Babban masallacin Jenne a Mali yana tsaye ne saboda duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi, haka hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 ake sabunta mata jiki lokaci zuwa lokaci. A da gandu ne ke yin wannan a gidajenmu, 'ya'ya da barori su kwaɓa ƙasa bayan kaka. Gandu ya watse. Idan kuɗin baƙo ya biya magini ya hau rufin kakanku kowace shekara, ya kuma sa ke da ƙanenki kuna zuwa gida sau huɗu maimakon sai an yi rasuwa, to ya biya. Ki rubuto mini bayan kin dawo daga wurin gwaggo, ki kuma aiko da hoton cikin zauren in ga irin rufinsa.

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam. Ina kasuwanci a Kumasi. Shekara 3 ke nan ina aika wa ƙanena kuɗi don gyaran gidan mahaifinmu a wani ƙauye kusa da Damagaram, da niyyar mu riƙa saukar da baƙi a sashe ɗaya. Duk hoton da ya turo na bango ɗaya ne. Ba na son in zarge shi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya zan yi?

Daga ɗan uwanka a Kumasi.

AMSA

Wa'alaikumus salam Alhaji. Kafin ka zarge shi, ka tambayi kanka ko ka taɓa yanka masa ladan aikinsa. Yawancin masu aiko da kuɗi daga nesa suna ɗauka ɗan uwa zai bar gonarsa da kasuwarsa ya tsaya a kan magina kyauta. Shi kuma ga kuɗi a hannu, ga yaro ba lafiya, ga buhun hatsi ya ƙare, sai ya ce bari in ara in mayar. Haka ake farawa, kuma kunya ce ke hana shi faɗa maka.

Ka daina aikawa na ɗan lokaci, ka je da kanka, gani ya kori ji. Ku zauna ku biyu ba a gaban matansa ba, ka ce masa abin da ya wuce ya wuce, daga yau ga tsari. Ka sa masa albashin wata a fili, dabam da kuɗin aiki. A raba gyaran gida-gida: rufin ɗaki kaza, katangar yamma, banɗaki. Magini ya faɗi kuɗin kowanne a gabanka, a rubuta. Kada ka saki kuɗin mataki na biyu sai an gama na farko, kuma mai shaida maka an gama ya zama wani dabam, kamar malamin makarantar garin ko wani dattijo da kuke jin nauyinsa ku duka. Azara da siminti da ƙofofi ka biya mai sayarwa kai tsaye. Duk Juma'a a kira ka ta bidiyo a WhatsApp, a fara daga ƙofar gida a zaga da kai har bayan gida, kai kake cewa a juya nan a juya can. Ka kuma yanke tun yanzu wanda zai riƙa karɓar baƙin idan an gama, domin masauki ba ya gudana daga Kumasi. Idan ƙanen naka ne, to ya san yana da kaso a abin da zai shigo, za ka ga yadda aikin zai sauya.

TAMBAYA

Baba, soronmu yana yoyo duk damina, mu kuma ba ma zaune a garin. Laifi ne mu ɗora masa kwano?

Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA

Ba laifi ba ne ɗana. Na fi son makuba, amma idan babu mai hawa ya gyara duk shekara, kwano ya fi rufta. Sai dai kada ku kwashe rufin ƙasar, shi ne ke riƙe sanyin ɗakin. Ku fara gyara shi, ku canza azarar da ta ruɓe, ku bar shi ya bushe sarai, sannan a ɗora kwanon a samansa kamar malafa, da tazarar kamu biyu a tsakani don iska ta riƙa ratsawa. Bakin kwanon ya zarce bango da aƙalla ƙafa 2, ruwansa ya sauka a kan dakali ko a kwata, kada ya daki gindin gini. Katakon a ɗaure shi da waya mai kauri a jikin gungumen da aka binne can cikin bango, domin guguwar farkon damina a wajenku tana ɗauke rufin da aka kafa a rawanin bango kawai. A toshe tazarar da ragar waya saboda jemagu da tattabaru, a bar 'yar ƙofa guda ta yadda yaro zai iya leƙawa ya duba ko gara ta hau.